Durowa Ta Bakwai

A Auyo, bayan sakatariya, daura da rijiyar da ta ƙafe,
akwai ɗaki mai taga biyu, ɗayar ta daina buɗuwa.
Makullinsa na wuyana shekara ashirin da shida.
Kowace Litinin nakan share kashin jemage,
in zauna jiran mai zuwa.

A tsakar ɗakin akwai akwatin maɗaci,
durowa goma sha biyu, kowace maƙil da kati,
an soke su da ƙarfe ɗaya kamar tsiren Ɗanliti.
Jawo ta farko, ka karanta:
Rahoton Noman Gyaɗa, Lardin Kano,
shafi casa'in da huɗu, kanta ta uku, layin sama.
Je ka kanta ta uku. Gara ta riga ka,
ta sauke shi daga bango zuwa bango,
ta bar jar ƙasa a gurbin sa hannu.

Gazet. Ƙiyasin Kuɗi. Ƙidayar Shanu da Jangali.
Bayanin Kwamitin Ambaliya, juzu'i biyu.
Na biyun bai taɓa isowa ba.
Katinsa kawai aka aiko daga Dutse,
shi yana hanya tun gemuna na baƙi.

Bara, bayan janyewar ruwa, Haladu ya shigo,
taɓon fadama har gwiwa, bai cire hula ba.
Shanu sun kwana a cikin shinkafarsa.
Makiyayan sun ce burtali ne, shi ya ce gādo ne.
"An ce gwamnati ta rubuta inda hanyar ta bi."
Na jawo durowa ta bakwai, yatsana ya san wurin:
Taswirar Burtali da Mashaya, lamba ɗari biyu da tara.
Muka je kanta. Giɓi ne, faɗin yatsu uku.
Wani kansila ya ara, rajista ta ce,
sa hannunsa kamar tsakuwar kaza.
Shi ma ya daɗe da komawa.

Haladu ya juya katin gaba da baya.
"Wannan ba zai yi shaida ba?"
Na ce, "Ƙamshin miyar maƙwabta ne, Haladu,
yana faɗa maka an dafa."
Ya ajiye mini shi da hannu biyu.
Sawunsa ya bushe a siminti, kwana uku ban share ba.

Da magariba na sayi awara wajen Tabawa a tasha.
Takardar ta sha mai har ana hango haske ta cikinta.
Na miƙe ta a gaban aci-balbal:
shafi na arba'in da ɗaya, Ƙiyasin Kuɗi,
"gyaran ɗakin karatu", sai sifiri shida
da yaji a kan na ƙarshe.
Na cinye awarar. Takardar na sa a aljihu.

Daren nan na ɗebo fararen kati da suka rage.
Burtali, tsohuwar hanyarsa: duba Arɗo Jaɓɓo,
rugar gabas, yi magana ta kunnen hagu.
Ambaliya, shekarar da ta ci rumbuna: duba Inna Lantana,
tana farawa da kuka, a yi haƙuri.
Kacala, ranar da ta fara toshe kogi: duba masunta.
Farashin gyaɗa kafin dala ta rushe:
duba Barau mai awo, kafin azahar,
bayan nan sai labarin jakinsa.
Wajen adadin shafi ban san me zan sa ba,
sai na rubuta: a hanzarta.

Haladu ya je rugar. Abin da suka ce, ban ji ba.
Na dai ga an kafa turaku bakwai a bakin fadama.

Shekaranjiya aka yi jana'izar Arɗo.
Ban cire katinsa ba.
Durowar ta saba.